Wendell Mai Gyada Bai Ɗaga Daga Wurinsa Ba

A duk garin Titusville na Amurka babu wanda bai san bakin Wendell Tarpley ba. Dafaffiyar gyada yake sayarwa a bakin kogi, daidai inda jama'a ke taruwa kallon tashin kumbo, amma in gaskiya za a faɗa, gyadar gyara ce kawai, surutun ne hajar. Ni Odell, rumfata tana jikin tasa, tsutsar kamun kifi nake sayarwa, kuma kunnena ya daɗe yana shan wahala.

Shi a wajensa wasa ɗaya ne a duniya, besbol, wanda ake bugun ƙwallo da sanda. Idan na kawo zancen zari-ruga, wadda nake mutuwar so, sai ya ce ƙattai ne suka kifa kwano a ka suna karo kamar raguna. Efraín mai gyaran rufi, ɗan ƙasar Honduras da ke zuwa cin gyada kullum da yamma, shi ya fi shan ta, don mutumin ƙwallon ƙafa ne.

"Efraín, jiya nawa aka tashi?"

"Babu ci, tsoho. Amma wasa ya yi kyau."

"Ka ji ko. Sun wuni suna gudu, ba wanda ya ci, wai kuma ya yi kyau. Gara in kalli tukunyar nan tana tafasa."

"Naku fa? Mutum ya tsaya da sanda yana tofar da yawu, ana jiran ya ga dama."

"Tunani ake yi a wurin, yaro. Ba kowa ke da kayan aikin ba."

Kumbo ma bai tsira ba. Wendell ko jirgin sama bai taɓa shiga ba, amma zai tsaya da ludayi a hannu yana yi wa baƙi bayanin cewa wannan abu tankar mai ce aka ɗaure mutum a kai aka ƙyasta ashana. Wai da shi ne shugaban wurin, sai kowane injiniya ya fara hawa da kansa tukuna. Baƙi su yi ta dariya, su ƙara sayen gyada.

To, Nadine ita kaɗai ce 'yarsa. Shi ya rene ta bayan rasuwar uwarta, a gindin tukunyar nan, rediyo na kawo besbol. Ta yi karatu, ta shiga soja, ta tuƙa jirage, mu dai muna jin labari. Rannan aka ce an zaɓe ta cikin waɗanda za su tafi sama a kumbo. Gari ya ɗauka. Wendell kuwa daga ranar bai sake cewa uffan kan kumbo ba. Ni da na san shi, na san tsoro ne ya kama shi, irin mai hana cin abinci. Ya rame har wandonsa na zamewa.

Iyalan masu tafiya ana ba su wuri na musamman can cikin harabar da kumbo ke tashi, da inuwa da kujeru. Wendell ya ce ba ya zuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na same shi na zazzage masa.

"Kai wane irin uba ne? 'Yarka guda, a ba ka kujera ka ce a'a?"

"Ba ka san besbol ba, shi ya sa," in ji shi. "Idan ƙungiyarka tana ci, ba ka canja wurin zama. Ba ka canja hula. Ba ka kuma ambaton abin da baki sai an tashi. Duk kumbon da ya tashi ina tsaye a nan ya kai lafiya. Yanzu da tawa ke ciki zan motsa?"

Na ce wannan camfi ne, na kira Nadine a waya don ta yi masa magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kawu Odell, ba ni shi." Na miƙa masa, ina jiyo muryarta: "Baba, kada ka kuskura ka ɗaga daga wurin nan. Kuma tsohuwar hular za ka sa." Na karɓi wayata na koma rumfata.

Ranar tafiya da hantsi bakin kogi ya cika maƙil. Wendell ya hura wuta kamar kullum, ya tsaya inda ƙafarsa ta saba. Efraín ya zo da wata koɗaɗɗiyar rigar ƙwallo da ya ce ba a taɓa cin su yana sanye da ita ba. Ƙarya ce, amma ban tanka ba, don ni ma, da duk bakina, safar da nake kallon wasa da ita na sa. 'Yan gari ba wanda ya ce masa Allah ya kiyaye hanya, ba wanda ya ambaci sunanta. Wani baƙo ya matso yana cewa, "Ba kai ne baban..." Efraín ya cusa masa ƙunshin gyada ya juya shi.

Aka fara ƙirgen tashi a rediyo. Wuta ta tashi can ƙetaren ruwa, sannan ƙarar ta iso, ƙasa na rawa, murfin tukunya na kaɗawa. Kowa ya ɗaga kai ban da Wendell. Idonsa na cikin tukunya, yana juya gyadar da ta daɗe da nuna. Haka ya yi ta juyawa har hayaƙin ya watse, har rediyo ta ce sun shiga sararin samaniya lafiya. Jama'a suka ɓarke da tafi. Ni kuwa hawaye nake, ban kuma ji kunya ba, don ban taɓa alfahari da wani kamar yadda na yi da tsohon nan da 'yarsa ba.

Ya dube ni. "Odell, ta wuce?"

"Ta wuce, Wendell. Tana can."

Ya ajiye ludayin, ya zauna a ƙasa kan ciyawa, sai a lokacin ya ɗaga kai sama, inda babu abin gani kuma. 

"Yarinyar nan fa har ta shiga sakandare tsoron tsani take yi," ya ce. "Sai na riƙe mata take hawa."