Jarfar Kaka Gomma da jan bik

Aji huɗu na yi a lekol, wato makarantar boko ta Filinge, kuma ina roƙon mai karatu kada ya raina, domin a unguwarmu ta wancan zamani mai aji huɗu kusan likita ne. In wasiƙa ta zo daga Yamai ni ake nema. In karanta rabi, in ƙaga rabi, kowa ya tashi yana sa mini albarka. Soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, kowa na magana ƙasa-ƙasa, ban da mutum biyu: rediyo da kakata Gomma.

Gomma ita ta haifi uwata. Daga wani ƙauye can wajen Sanam aka auro ta, gidan da ba a salla. Ta shiga salla a gidan miji, ta riƙe ta da kyau har ta mutu, amma tsoron gidan ubanta bai tsaya a bakin ƙofa ba, tare suka shigo. Ni kuwa mijinta ne, kamar kowane jika namiji. Kullum ƙorafinta ɗaya, wai ta auri rago mai ƙafa kamar karan dawa.

In an gama ɗaurin hatsi, sanyi ya sauka, da an ci tuwo sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Mu zauna, ni da ƙannena mata biyu, gabanmu na gasuwa bayanmu na rawar ɗari. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta leƙa duhu ta ce, "Ga ta can tahe, ta gaji, ku matsa mata." Mu matsa da gaske, mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta zabuwa da hawainiya. Wai da can zabuwa baƙa ce wuluk kamar gindin tukunya. Ta ƙyanƙyashe ƴaƴa, ta shiga ciyawa da su, shaho ya ɗauki ɗaya, raɓa ta kashe biyu. Sai ta tafi wurin wata tsohuwa mai niƙa ta ce, ɗiga mini gari a baya, ɗigo uku, kada in manta da su. Tsohuwa ta ɗiga mata. Kowace damina haka, har bayanta ya cika da fari. Hawainiya ta gan ta ta yi dariya, ta ce ke kin ɗaure kanki da riga ɗaya, ni kuwa in na hau ganye kore ce, in na sauka ƙasa ja ce, ba mai gane ni balle ya cuce ni. Ran nan Sarkin Daji ya yi shela, kowa ya zo ya faɗi mutanensa a ba shi wurin zama. Zabuwa ta juya baya tana kiran suna ɗigo bayan ɗigo har rana ta faɗi, aka ba ta fili ita da danginta. Aka ce hawainiya, ke fa, ɗiyar wa? Ta dubi jikinta, ta ga launin tabarmar da ta taka.

"Shi ya sa har yau take tafiya sannu-sannu," in ji Kaka. "Tana ɗaga ƙafa tana tunani, ko za ta tuna uwarta."

Ni, a matsayina na mai ilimi, nakan kawo gyara. "Tsohuwa, zabuwa ai sakarya ce. Da ta kula da ƴaƴanta da ba ta nemi gari ba."

"Haihi ɗaya tukuna, angona, sannan ka yi wa zabuwa wa'azi."

Daga nan sai ta miƙa hannunta na hagu kusa da wuta. A cikin hannun, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, akwai jarfa, ƴan gajerun zane goma sha uku a jere. Wanzami ya yi su da aska, ta shafe kowanne da baƙin tukunya da shuni tun jini bai bushe ba, suka zauna baƙi mai ratsin shuɗi. Ba na ado ba ne, na ado yana fuskarta. Kowane zane mutum ne: waɗanda suka haife ta, ƴan'uwanta da yunwar da ta watsa, ƴaƴanta da suka koma tun suna goye, sai uwata, sai ni a ƙarshe kusa da gwiwa. Ta ɗora yatsa tana kiran sunaye. Mu kuwa hankalinmu na kan gyaɗar da ke cikin toka.

Wata shekara ta kira ni da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. Ta nuna mini hannun. Fata ta yamutse, zane biyu sun haɗe sun zama ɗaya.

"Fata ta fara cinye su," ta ce. "Kuma ran da anka rufe ni, da su za a rufe. An ce takarda ba ta tsufa. Kai da kac cinye hatsinmu kana lekol, rubuta min su."

Na ji kaina ya kumbura. A lokacin ina da dukiya ɗaya a duniya, jan bik, biron da mushe, malaminmu, ya ba ni don na yi wata guda ina share masa allo. A lekol ja ba na kowa ba ne. Da shi ake yanke wa mutum hukunci, da shi ake cewa ka ci ko ka faɗi. Yaro ya taɓa shi, bulala. Na ce a raina, mutanen kakata ba za su shiga takarda da shuɗin talakawa ba, da alƙalamin manya zan rubuta su. Na zauna bayanta, tana faɗi ina rubutawa, har da ƙawata baƙaƙe. Sai da na gama na kawo mata takardar gabanta, ina jiran yabo.

Ba ta iya karatu ba, amma ta iya ganin launi. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga na ƙasa, wa ne?"

"Ni ne, mijinki."

"Na bisa gare shi?"

"Inna."

Ta karɓi takardar da hannu biyu. A gidan ubanta, dabbar da aka keɓe wa iskoki ita ake shafa wa jar ƙasa a goshi, kowa ya san ba ta da sauran kwana. Ba a sa wa mai rai ja a kan sunansa, ba a ɗaura wa jariri jan zare. Ni ban sani ba. Ko kuwa an faɗa a bakin wuta ina tonon gyaɗa.

Ta tsoma takardar a ƙwaryar ruwa, don ta san rubutun malam yana wankuwa. Bik bai wanku ba. Nan tsoron ya kama ta sosai. Ta kankaro baƙin tukunya, ta kwaɓa da man shanu, ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa tana shafewa, ta fara da nawa. Takarda ta koma baƙa ƙirin. Da yamma ta yi sadakar baƙar kazarta, wadda ta fi kowace ƙwai.

Sannan ta dawo gare ni a hankali. "Tahi gidan liman ka roƙo tawada. Baƙi shi ka riƙe mutum. Mu sake."

Abin da na ce mata, shekara hamsin ke nan yana zaune a maƙogwarona. Na ce ni ɗan lekol ne, ba na rubutu da tsinke. Na ce ta ɓata mini aiki saboda camfin azna. Kalmar nan ta ƙarshe ba ta cikin wasan jika da kaka, kuma na san haka tun kafin ta fita daga bakina.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ja gefen zanenta ta rufe hannun. Daga ranar an ci gaba da hura wuta, zabuwa ta ci gaba da zuwa wurin mai niƙa, amma in tatsuniya ta ƙare sai ta ce mu tashi, barci take ji. Sau biyu na yi niyyar zuwa gidan liman. Na farko na tarar ana kokawa a dandali. Na biyu na ce gobe. Da rani na bi wata babbar mota zuwa Yamai, ina can aka aiko ta rasu.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan ta yara ce, don a hana su raina iyaye. Sai da na tsufa na duba hanyar da na biyo. Zamanin soja na sa kaki na yi gadin ofis. Da farar hula suka dawo, ba jam'iyyar da ban sa hularta ba, kowace da launinta, kuma kowace ta yi mini kyau, wannan ba yabon kai ba ne, mata sun shaida. Ba wanda ya cuce ni, gaskiyar hawainiya. Amma da na haifi ƴaƴa, biyu suka koma, na gane abin da ya kai zabuwa wurin mai niƙa.

Uwata ta san shida daga cikin sunayen, ban tambaye ta ba sai da mantuwa ta fara kama ta. Bayan rasuwarta na hau mota har ƙauyen Kaka. Na sami wani tsoho a gindin gawo, na ce ina neman mutanen gidan su Gomma. Ya yi tunani ya ce, "Wace Gomma?"

Ga abin da ya rage a hannuna: Nomau ubanta, Ayashe ƙanwarta, Barmo ɗanta da ya rasu bai yi haƙori ba, sai uwata, sai ni. Biyar. Na sayi baƙin bik na rubuta su, abin da bai ɗauke ni lokacin shan kofin shayi ba. Sauran takwas ɗin ni na rubuta su da hannuna ranar nan, da baƙaƙe masu kyau, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya karanta su a duniya. Na tuna yadda na lanƙwasa wutsiyar harafin farko. Sunan ne ban tuna ba.