Hannun Dama na Baban Yarinya

Maigidana aikin wayoyin intanet yake yi. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma zama da shi ya sa na san akwatin nan mai faɗi da suke ce wa suwic, mai ramuka a jere kamar ƙwayar masara, kowane rami da 'yar fitilarsa. In kore tana ƙyaftawa, waya na da rai. In ta mutu, to ko ɓera ya ci wayar, ko kanta ya lalace, ko an rufe ramin ta kwamfuta.

Wata rana aka kira shi wani bene mai shaguna kusa da layin dogo, nan Agege, wai shagon buga takardu na sama ba ya samun sabis. Da azahar na goya yarinyarmu na kai masa abinci, don gyambon ciki ya raba shi da barkonon bakin titi. Na same shi ƙarƙashin matakala inda aka kafe akwatin, yana ta tsaki. Wanda ya fara aikin bai sa wa wayoyin alama ba, duk shuɗaye ne, sun cukurkuɗe kamar taliya. Ya ce sai dai ya riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa har ya gano ta sama. Ya zare ɗaya ya ce in riƙe masa bakinta. Sai ya rataya sabuwar waya a kafaɗa, filaya a hannu, ya fita yana bin bango da ido.

Ashe wadda ke hannuna ta shagon cacar ƙwallo ce na ƙasa, kuma ana tsakiyar wasa, sai talabijin ɗinsu duk suka ɗauke.

Samari suka fito a fusace, suka ga mutum da waya a kafaɗa da abin yanka a hannu, a unguwar da aka sha satar waya. Ɗaya ya ce "ole", wato ɓarawo. Shi ke nan. Maigidana haifaffen Agege ne, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, amma kafin ya haɗa magana katako ya sauka a bakin nasa. Ya faɗi. Na ga ya dunƙule, ya cusa hannun dama ƙarƙashin cikinsa, ya bar musu baya da kai. Da wannan hannun yake jera siraran wayoyi takwas ɗin da ke cikin kowace waya, da shi muke ci.

Suka rufe shi da duka, da bel, da ƙafa, da dutse. Har masu okada da ba su san mafari ba suka tsaya suka sa nasu. Na ji wani yana tambayar taya a ƙona shi.

Na yar da wayar na nufe su, yarinya tana tsala kuka a bayana. Ta tsakanin ƙafafu ya hango ni, ya zaro hannun nan yana yi mini alamar in koma. A nan wani mai takalmin ƙarfe ya taka hannun. Na ji ƙarar, kamar an karya kara.

Mai gadin benen, wani dattijo mutumin Nijar, shi ya finciko mayafina.

"Baba, kashe shi za su yi."

"'Yata, koma ki mayar da abin da aka zare inda yake. Ni zan kwanta a kansa."

Kuma ya kwanta ɗin. Na koma ƙarƙashin matakala. Wayoyi na ta reto, na gane tawa da shaidar manjan da yatsana ya bari a kanta. Na cusa a rami na farko, shiru. Sai na tuna ya taɓa cewa ramukan da ba a amfani da su rufe su ake yi. Na koma na kusa da shi. Fitila ta kawo ruwan goro, ta tsaya a haka har na fidda rai, sannan ta juye kore.

Talabijin ɗin shagon cacar suka dawo. Mai shagon ya fito yana daka wa yaran tsawa, masu caca suka ruga duba wasansu, sauran suka watse kamar ba su ba. Tayar tana nan a yashe gefen kwata.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Wayar shagon sama kuwa, daga baya aka gano ɓera ne ya ci ta a cikin silin.

Yanzu in zai fita aiki, ni nake zama a tabarma in jera masa launukan: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, har zuwa ƙarshe. In cusa su cikin kan roba, shi kuma ya matse da hagu. Yakan ce, "Maman yarinya, kin sake juya koren," in warware in sake. Kuma ba ya taɓa akwatin kowa sai ya bi shaguna ɗaya ɗaya ya gaya musu zai zare waya.