Dabarar Wanke Sarƙa da Na Koya wa Yayana

Edita, ina rubuto wannan ne daga Sabon Birni. A shekarun da abin ya faru ina kabu-kabu da babur, ina ɗaukar fasinja da kaya zuwa Isa, ranar kasuwa kuma in wuce Bafarawa. Ina da wani hali a lokacin: duk abin da ya shafi babur gani nake ba wanda ya fi ni sani, kuma ba na son aikin da zai ci mini lokaci.

Yayana tela ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Aikin wuyan riga yake da hannu, allura da zare, har daga Nijar ake kawo masa yadi. Da hanyar gonarmu ta wajen Gatawa ta lalace da rashin tsaro, sai ya sayi babur don ya je da safe ya dawo kafin la'asar. Yashin hanyar kan cika masa sarƙa har ta riƙa ƙara. Wata rana na same shi tsugune yana juya tayar baya da hannu, yana goge sarƙar kaɗan-kaɗan. Na yi masa dariya. Na ɗora babur ɗin kan ƙafa biyu, na tada inji, na sa giya ta ɗaya, na dafa tsumma mai kananzir a kan sarƙar tana gudu. Nan da nan ta yi fes, na zuba mata baƙin mai. Ya tambaye ni ko babu haɗari, na ce kullum haka nake yi.

Bayan mako biyu, da hantsi ina tasha, aka zo aka ce in je gida. Ashe yayana ne ya gwada dabarar tawa, tsumman ya naɗe a haƙoran ƙarfen baya da sarƙar ke bi, ya ja hannunsa na dama. Ni na goya shi zuwa asibiti, jininsa na jiƙa mini baya. Babban yatsa da biyu na kusa da shi ba su tsira ba.

Duk wanda ya zo dubiya, sai yayana ya ce masa gangancin kansa ne. Bai taɓa ambaton sunana ba, ko ga matarsa. Ranar da aka kwance bandejin na kasa daurewa, na ce za ni faɗa wa kowa gaskiya. Ya kalli hannun, ya ce, "Ƙanena, in ka faɗa, yatsun za su dawo? Bar wanga zance tsakaninmu."

Ya yi wata uku yana gwada riƙe allura da hagu. Na sha leƙawa in ga yana warware abin da ya ɗinka. Daga baya ya aika aka mayar wa kowa yadinsa, ya rufe shagon. Yanzu goro yake sayarwa a bakin kasuwa, in mai saye ya zo sai ya ɓoye hannun cikin aljihu.

Na gane cewa abin da ka yi sau ɗari ka tsira ba shi ne daidai ba, kuma wanda ya yarda da kai ba ya bincika maganarka. 'Yan uwana masu babur, ku kashe inji kafin ku taɓa sarƙa, ku juya tayar da hannu. Yayana ya yafe mini tun a gadon asibiti. Ni ne har yau in zai miƙo mini hannu mu gaisa nake sunkuyar da kai.