Koriyar Ƙofa a Layin Moorside

A gidan hayar da hukuma ke ba talakawa aka haifi Glenda Ackroyd, amma ko da wasa ba ta son a tuna mata. Ta yi aikinta a kantin magani, ta auri mai gyaran famfo, suka yi zamansu na haya a unguwar masu shuka fure. Da mijin ya rasu, ɗan abin da ya bari bai isa komai ba sai irin gidan da ta gudo daga cikinsa, wato na hukuma da aka sayar wa mazauna tun tuni.

Tsoronta ɗaya ne: ta tsufa cikin mutanen banza, ta faɗi a ɗaki ba wanda ya sani. Sai ta yi abin da kowa ke yi a nan arewacin Ingila, ta bi layi tana duban ƙofofi. Hukuma koren fenti take shafa wa nata. Wanda ya sayi gidansa kuwa, kafin labule ma sai ya cire koriyar ya sa fara mai gilashi, don duniya ta shaida. Layin Moorside fari ne fat, ban da ƙofar da ke maƙwabtaka da gidan da ta zo dubawa, inda wata tsohuwa ke zaune da silifas tana busa sigari.

"Baiwar Allah, in kin gama ƙirgar, koriyar tawa ce," in ji tsohuwar. "Sunana Noreen. Ba na cizo."

Glenda ta yi yaƙe, ta ce a ranta ɗaya dai ba za ta ɓata layi ba. Ta saya.

Ashe masu fararen ƙofofin nan sun daɗe da sayarwa sun yi gaba. 'Yan haya ne ke shiga da fita, kafin ka riƙe sunan mutum ya kwashe komatsansa.

Da sanyi ya shigo, Glenda ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Talata ce, ranar motar shara. Noreen ta ga kwandon Glenda bai fito ba, matar da ke riga kowa fitarwa, har da goge murfi. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta leƙa ta ramin jefa wasiƙa na jikin ƙofa, ta ji nishinta, ta kira motar asibiti.

"Iyayin nan naki ne ya cece ki," Noreen ta ce mata a bakin gadon asibiti. "Da ƙazama ce irina, wallahi sai an ji wari."

Tun daga nan kullum tare suke shan shayi. Glenda dai ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne.

Bara hukuma ta ce ɗaki uku ya yi wa tsohuwa ɗaya yawa. Aka mai da Noreen wani bene can bayan gari, aka sa gidan a kasuwa. Sabon mai shi ya turo kafinta, Glenda na tsaye a taga aka jefa koriyar ƙofar a bayan mota. Yanzu layin fari ne daga farko har ƙarshe, kamar yadda ta so, kuma tsoron nan ya dawo mata sabo.

Ranar Talata ta jawo kwandonta tana dogara sanda. Ta goge murfin, ta dubi hagu, ta dubi dama, ko akwai mai kallo. Babu kowa.