Tarin Baba a Lasifika

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, muka ɗauko mahaifina daga Dosara ya dawo wurina a Talata Mafara. Tsufa ya fara taɓa masa tunani. Yau ya gane ni, gobe ya tambaye ni ɗiyar waye.

Wata Juma'a maigidana zai tafi gonar shinkafarsa a Bakura, ya ja min kunne in sa ido a kan Baba. Ni kuwa na taka turmi muna hira da maƙwabciyata ta katanga. Daga tsadar manja har muka gangara kan bikin da ba a gayyace mu ba. Ko da na sauko, tabarma ce kawai a zaure, ba Baba ba sandarsa.

Na bi gida-gida, ba wadda ta gan shi, maza kuma duk sun tafi masallaci. Zuciyata ta tafi kan babban titi da motocinsa. Na dawo tsakar gida na zauna ina kuka.

Ana sallamewa sai na ji an hura lasifikar babban masallaci. Ladan ya ce ana cigiyar iyalan wani dattijo da ya kasa faɗin unguwarsu. Can bayan muryarsa na ji tari, gajere sau biyu, sannan astagfirullah. Tun ina yarinya tarin nan ke tashinmu da asuba.

Na fita da hijabi a baibai, takalmi ɗaya nawa ɗaya na maigida.

Na tarar da shi a inuwar masallaci, dattawa sun kewaye shi, har an dama masa fura. Ashe kiran salla ya ji ya bi jama'a. Yana ba su labarin shanunsa da aka sayar tuntuni, suna ta sa musu albarka. Ya ɗago ya ce, "Uwata, mi ya kawo ki cikin maza?"

Na ce daga yau kulle ƙofa zan riƙa yi. Wani tsoho mai sayar da asuwaki a bakin masallacin ya ce, "A'a, ɗiyata. Ya mance gida, bai mance nan ba, kada ki kulle shi. Ni zan riƙa biyo mashi."

Haka ya yi kowace Juma'a, yana riƙe da hannun Baba, har Allah ya karɓi ran Baba. A masallacin aka sallace shi.

Har yau in an hura lasifikar nan, sai in tsame hannuna daga aiki in kasa kunne. Na san ba zan ji tarin ba. Ina dai saurarawa.