Haruffan Baba a Bangon Falo

Mahaifina mai sassaƙa haruffa ne. A jikin katako yake yanka su, ɗaya bayan ɗaya, a juye, don in an shafa musu tawada aka danna a takarda su fito daidai. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa sai Baibai. Har Inna, in ya ɓata mata rai, cewa take yi, "Kai da ma komai naka a baibai yake."

Shagonsa ɗan ɗaki ne a bayan gida. Akwai injin dannawa na hannu, da fasasshen madubi da yake duba harafi a ciki, da durowa mai aljihu-aljihu inda haruffan ke kwance. A da, duk fostar wasan ƙwallo ko ta gwanjo da aka manna a titinmu daga nan ta fito. Da kwamfuta ta zo, masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, har da waɗanda suka shekara suna shan shayinsa kyauta. Sai ya kama abin da ya daɗe yana so, wato haruffa nasa na kansa, masu kaurin ƙafa da siririn wuya, waɗanda bai kwaikwayi na kowa ba. Burinsa ɗaya ne: in sun cika, ya jera su duka ya buga a takarda guda ya gani da idonsa.

Ba ya yarda ruwa ya kusance su, da tsumma da kananzir yake goge su. Tun ina ƙarama yake gaya mini cewa in harafi ya gaza ɗan'uwansa tsawo ko da kaurin gashi ne, takarda ba za ta same shi ba.

Saura harafi ɗaya, yanar ido ta rufe shi. Ya soma yankan, ya ji wuƙa na neman yatsansa, ya ajiye. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi, Baba ya ce ba mai taɓa masa ido. Ni na karya shi. Na ce, "Baba, haka za ka bar su da giɓi?" Washegari ya ce a kai shi asibiti, ya jefa harafin da bai gama ba a aljihun rigarsa.

A nan Yaya, babban wana, ya shigo labarin. Ya zo daga inda yake aiki da mota da tsaraba da zuciya fara tas, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ni da Inna muna asibiti muna jinya, shi kuwa ya ɗauki makullin shago.

Ranar da aka kwance bandeji, Baba ya koma yaro. A mota yana karanta allunan shaguna da ƙarfi, yana kushe su yana dariya. "Dubi wancan! Kai ka ce kaza ce ta taka fenti." Ya ce mini in tanadi takarda mai kyau, jibi za mu buga.

Muna shiga falo Yaya ya ce, "Baba, tsaya nan. Ina da abin nuna maka." Ya yaye wani zane daga bango.

Ga haruffan nan reras a kan wani ƙaton allo, farare fes, sai sheƙi suke yi.

"Ka ga dattin da ke jikinsu kuwa?" in ji Yaya, bakinsa har kunne. "Kwana suka yi a baho da garin sabulu. Kafinta ya bi su da samfefa, ya shafa mai, ya manne su da gam mai ƙarfi. Ya ce ko da guduma ba za su fita ba. Aikinka bai cancanci zaman durowa ba, Baba. Yanzu duk baƙon da ya shigo zai gani."

Mutumin da aka haifa a gidan nan, ya girma yana shaƙar warin tawada, amma bai taɓa tsayawa a ƙofar shagon ya tambayi me ake yi ba! Na buɗe baki zan wanke shi tas, Inna ta damƙe mini hannu.

Baba ya matsa kusa, ya cire baƙin tabarau. Ya bi gefen harafin farko da babban yatsa. Kaifin nan da ya ɓata watanni yana fitarwa ya zama sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Wasu sun kumbura, wasu sun tsage a siririn wuyan. Ya bi su duka har layin ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni ina jira ya yi ihu. Wallahi ina roƙon Allah ya yi ihu.

Sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka sha wahala."

"Baba!" na ce. "Shi ke nan abin da za ka ce?"

Bai kalle ni ba. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro harafin da ya kwana da shi a asibiti, rabinsa yankakke, rabinsa zanen fensir. Ya miƙa wa Yaya, ya nuna ƙarshen allon.

"Ga wuri ya rage a can. Ka haɗa shi da 'yan'uwansa."

Yaya ya fita neman gam da murnarsa. Ni kuwa takardar da aka ce in tanada na saya, tana nan a nannaɗe a kan injin, Baba bai sake tambayarta ba.