Suhaibu, Gwazarmarka Goma Suna Nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Safar 1446, bayan Azahar, Allah ya karɓi ran ƙanena Suhaibu Sada, kafinta a unguwar Jarwal da ke Makka. Aka sallace shi a Harami da La'asar.

Suhaibu, gyaran ƙofar gwauruwa ba ka taɓa karɓar riyal a kai ba, unguwa ta shaida. Ni kuwa tsiya na sha yi maka: ƙato da gemu yana kiwon buzuzu! Dariya kawai kake yi, ka nuna mini akwatunanka. Manyan ka shimfiɗa musu zaren kwakwa. 'Ya'yan, gwazarmar nan farare, sai ruɓaɓɓen ganye da dusar katako wadda ka jiƙa, ka zuba mata fulawa, ka bari wata uku ta ruɓe.

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce, "Yaya, a canza musu shimfiɗa. Dusar buhu biyu ce, ka sansana. Mai ƙamshin ƙasar damina ita ce ta nuna."

Kwana ukun zaman makoki gidan ya cika da turaren wuta, hancina ya daina rarrabe komai. Na buɗe buhunan. Ɗaya baƙi ƙirin kamar juji, ɗaya mai haske tas. Na zaɓi mai tsabtar. Kashegari akwatin ya ɗau zafi, gwazarmar sun fito sama suna murɗawa, huɗu cikin sha huɗu sun mutu. Ɗanyar dusa na ba su. Ban taɓa jin kunyarka irin ta ranar ba.

Matarka Hajara, wadda shekara goma take cewa a fitar da ƙazantar nan, ita ta durƙusa ta kwashe sauran da hannunta zuwa baƙar ƙasar. Allah bai ba ku haihuwa ba. Ta ce, "Yaya, su kaɗai ya bari masu rai. In sun tafi, khalas, shi ke nan, ɗakin ya mutu."

Yau kwana shida ke nan da suka nutse ciki, ba mu ga ko ɗaya ba. Ka hana a tona har sai sun rikiɗe sun fito a buzuzu, ba mu tona ba. Kullum da safe Hajara kan ɗora tafinta a kan ƙasar, ni ina bakin ƙofa ina jira, sai ta ɗago ta ce, "Da sanyi."

Ka yafe mini huɗun nan, ƙanena. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajara da dangi na Makka da na Katsina, Allah ya ba mu haƙuri. Goman da ke ƙarƙashin ƙasa, ya Rabbi, ka fito mana da su.